Muhawara: Ta ina ake kamawa in ana son zama mai tsara CRM wa kamfanoni?

Nafi'u: Assalamu alaikum manyanmu. A tallan guraben aiki ana yawan neman Functional Consultant na CRM, wani na manhajar Salesforce, wani na manhajar Dynamics 365 ta Microsoft. Mene ne ainihin aikin? Sai mutum ya iya rubuta kod? Kuma wace jarrabawa ya kamata a fara da ita?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. CRM manhaja ce da kamfani ke ajiye duk abin da ya shiga tsakaninsa da kwastoma: wa ya kira, me ya tambaya, nawa aka yi masa farashi, ya saya ko ya fasa, ya dawo da koke ko bai dawo ba. Ita manhajar kamar yadi take zuwa, ba ɗinkakkiyar riga ba. Wanda kake tambaya a kansa shi ne mai ɗaukar awo, kuma galibi shi ne mai yankan.

Ga yadda aikin ke tafiya. Za ka zauna da masu sayarwa, da masu karɓar koke, da akanta, da manajoji, kowane rukuni daban, domin yaron shago ba ya faɗin gaskiya a gaban maigida. Ka zana yadda suke aiki yau, sannan yadda ake so aikin ya koma. Ka jera buƙatunsu, a gaban kowace ka rubuta ɗaya cikin huɗu: manhajar na yin wannan tun daga kamfani, ko ana iya saita ta ta yi, ko sai an rubuta kod, ko kuwa su ne za su canza ɗabi'a. Daga nan ka gina a wurin gwaji, ka kwaso tsofaffin bayanai, ma'aikata su gwada da hannunsu, ka horar da su, a buɗe, ka zauna kusa da su na wasu makonni kana kashe ƙananan gobara.

Abba Gwale: Malam ya yi bayani, amma ni a ganina Nafi'u ya fara da satifiket. Mai ɗaukar ma'aikata ba ya ganin basirarka, takarda yake gani. A Salesforce ƙofar ita ce jarrabawar Administrator: tambaya 60, minti 105, dala 200, in ka faɗi sake zama dala 100. Sai ka same ta kafin a ba ka shaidar Sales Cloud Consultant. Karatun kyauta ne a Trailhead, shafin koyarwa na Salesforce. A ɓangaren Microsoft akwai PL-200, wadda ita ce ke ɗauke da sunan wannan aikin, da MB-230 ta sashen kula da koke. Ana cin jarrabawarsu da maki 700 cikin 1000, kuma duk shekara ana sabunta shaidar kyauta a Microsoft Learn.

Injiniya Rabi: Abba, ka manta ka gaya masa ya duba shafin jarrabawar kafin ya sayi kowane kwas. Microsoft na yawan yi wa jarrabawoyinta ritaya. MB-210 ta sashen ciniki an rufe ta a ƙarshen 2024, MB-280 ta gaje ta, amma har yanzu akwai masu sayar da kwas ɗinta. A Salesforce ma duk bidiyon da ke koya maka Workflow Rules ko Process Builder ya tsufa, Flow ake amfani da shi yanzu wajen sa manhaja ta yi wasu ayyuka da kanta.

Sai dai ban yarda a fara da satifiket ba. Jarrabawa na tambayarka wane maɓalli ne ke yin kaza. Ba ta tambayarka ko ya kamata a danna shi.

Abba Gwale: To in ba takarda, wa zai kira shi intabiyu, Injiniya?

Injiniya Rabi: Ban ce kada ya yi ba. Na ce ya fara gini, jarrabawar ta same shi a kan aiki. Nafi'u, buɗe Developer Edition na Salesforce, wato asusun koyo da gwaji, kyauta ne, yana zuwa da cikakken lasisi na mutum biyu da wurin ajiya megabait 5. Kowane layi, wato bayanin mutum ɗaya ko ciniki ɗaya, na cin kusan kilobait 2, ka ga layi 2,500 ke nan, ya ishi koyo. In Microsoft ka zaɓa, akwai Power Apps Developer Plan kyauta, amma yana neman imel na wurin aiki ko makaranta, su kuma manhajojin Dynamics ɗin gwajin kwana 30 ake bayarwa.

Sai ka ƙirƙiro kamfani a kanka. A ce mai sayar da kayan sola ne, yana da reshe a Kano da Kaduna da Maraɗi, yana sayar wa ɗaiɗaikun mutane da kuma diloli, yana haɗa wa mutane a gida, yana ba da garanti a kan batir da inbata. Wannan misali ɗaya zai sa ka taɓa komai: wanda ya nuna sha'awa bai saya ba tukuna, wato Lead, shago ko kamfani, Account, mutum, Contact, cinikin da ake kan yi, Opportunity, koke, Case. Ka gina shi daga kiran farko har ranar da batir ya mutu aka dawo da shi.

Nafi'u: Na gode Anti Rabi. Amma a irin wannan gini me ake nufi da kuskure? Ai in na yi ba daidai ba sai in goge in sake.

Malam Habibu: Yauwa, ka taɓo inda aikin yake. A wurin koyo kana gogewa. A kamfanin mutane akwai abubuwan da in an yanka ba sa komawa, kuma sanin su shi ne rabin sana'ar. Tun ran gini ran zane.

A Dynamics, duk tebur da za ka ƙirƙira, wato ma'ajiyar bayanai iri ɗaya kamar shafin Excel, sai ka zaɓi mallakarsa: ta mutum ko tawaga, ko ta kamfani gaba ɗaya. Ba a canza wannan daga baya. In ka yi teburin garanti a matsayin na kamfani gaba ɗaya, bayan wata shida maigida ya ce kada Kaduna ta ga garantin Kano, ba ka da matakin izinin da zai yi haka, domin irin wannan tebur ko mutum ya ga duka ko kada ya ga ko ɗaya. Sai sabon tebur da kwashe bayanai. Haka sunan ciki na gurbi, wato wurin cike bayani ɗaya a tebur, da haruffan da ke gabansa: in ka yi gini ba ka fara buɗe Solution, wato ƙunshin da ake tara abin da ka gina a ciki, da sunan mawallafinka ba, gurabenka za su fito da new_ ko wasu haruffa marasa ma'ana, kuma haka za su zauna har abada. Irin gurbin ma haka: wanda ka yi na rubutu ba ya komawa na lamba.

A Salesforce, Person Accounts in an kunna ba a kashewa. Shi ne tsarin da ke haɗa mutum da asusunsa wuri guda, ya dace da mai sayar wa ɗaiɗaiku, amma yana shafar rahotanni da wurin ajiya. Amfani da kuɗaɗen ƙasashe da yawa shi ma in an kunna shi ke nan. Sannan alaƙa tsakanin tebura: in ka haɗa garanti da kwastoma ta Master-Detail, ranar da wani ya goge kwastoman garantinsa duk sun bi shi. Kwandon shara na riƙe su kwana 15 ne kawai.

Ɗan Maraɗi: Malam, tunda an sako reshenmu a misalin, a tsaya kan kuɗi kaɗan. Kano na sayarwa da naira, Maraɗi da sefa, maigida na sayo kaya da dala. A Salesforce in ka canza farashin canji na yau da kullum, lissafin duk tsofaffin cinikayya yana canzawa, har waɗanda aka rufe bara. Manaja ya buɗe rahoton bara ya ga adadin ya sauya, ya ce manhaja na sata. Maganinsa a kunna Advanced Currency Management, mai riƙe farashin canji na kowane lokaci, ya yi wa ciniki lissafi da ranar da aka rufe shi. A Dynamics kuma akasin haka ne: layi na riƙe da canjin da ya samu, ba ya sabuntawa sai an taɓa wani gurbin kuɗi a kansa ko matsayinsa ya canza. Kowanne da irin tarkonsa. Tambayar da za ka yi wa akanta tun ranar farko ita ce: da wane kuɗi kuke rufe littafi, kuma canjin wace rana kuke ɗauka? Babban kuɗin da aka zaɓa ranar buɗe muhallin Dynamics ba da danna maɓalli ake sauya shi ba.

Injiniya Rabi: Ƙara da kwanan wata. Gurbin kwanan wata a Dataverse, rumbun bayanan Dynamics, yana da hali uku: User Local, Date Only, Time Zone Independent. In ka bar ranar ƙarewar garanti a User Local, manhajar na ajiye ta da agogon duniya. Najeriya da Nijar na gaba da shi da awa ɗaya. Sha biyun daren 1 ga wata a Kano zai zauna a rumbu a matsayin sha ɗayan daren jiya, ma'aikaci a Accra ya buɗe ya ga garanti ya ƙare kwana ɗaya kafin lokacinsa. Ranar haihuwa, ranar ƙarewar kwangila, duk abin da ba ruwansa da agogo, Date Only ake yi masa. Ana iya juya User Local zuwa Date Only sau ɗaya, ba a dawowa, kuma tsofaffin layuka ba sa gyaruwa da kansu.

Hajiya Zulai: Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma kuna ta maganar inji. Yawancin ayyukan CRM da ke mutuwa ba saiti ne ke kashe su ba, ma'aikata ne ke ƙin shiga su koma littafinsu da Excel. Kuma laifin mai tsarawa ne.

Misali, ka tambayi mutum uku a kamfani ɗaya yaushe ciniki ya faɗa. Mai sayarwa zai ce ranar da kwastoma ya ce ya yarda, domin la'adarsa yake hange. Akanta zai ce ranar da kuɗi suka shigo duka. Manaja zai ce ranar da aka ba da kafin alƙalami. In ba ka zaunar da su sun amince da ma'ana ɗaya an sa hannu ba, rahoton da za ka gina daidai yake a lissafi amma ba wanda zai yarda da shi. Kowane mataki na ciniki sai an rubuta abin da ke fitar da shi: ba a barin matakin awo sai an ɗora lissafin wutar da gidan ke ja, ba a barin matakin farashi sai an tura takardar farashi. Mataki biyar ko shida sun wadatar. Dynamics na ba ka damar yin har 30, wannan ba dalili ba ne.

Sai guraben dole. Manaja zai ce a tilasta komai. In ka tilasta gurbi 20 a kan fom ɗin da ake cikewa kwastoma na kan waya, abin da za ka tarar bayan wata uku shi ne ɗigo a wurin adireshi da 0000 a wurin lamba. A kiran farko suna, lambar waya da abin da yake nema sun isa. Sauran a nemi kowanne a matakin da ake buƙatarsa.

Abba Gwale: Hajiya, amma ai kwastoma ne ya biya. In ya ce haka yake so, kai wane ne?

Hajiya Zulai: Shi ya sa ake kiran mutum mai ba da shawara, ba mai karɓar saƙo ba, Abba. In ya ce a sa masa maɓalli, ka tambaye shi me zai yi da shi, kuma me ke faruwa yau da babu shi. Sau da yawa abin da yake so rahoto ne, ko kuma manhajar na da shi da wani suna. In ya dage, ka rubuta masa kuɗin da lokacin da abin zai ci, da wahalar da zai jawo duk lokacin da aka sabunta manhajar, domin Salesforce na sabuntawa sau uku a shekara, Dynamics zango biyu. Ya sa hannu, ka yi masa. Abin da ba a yi shi ne karɓar ƙarin aiki da baki a bakin ƙofa.

Malam Habibu: Mu dawo kan izini, domin a intabiyu ba a tsallake shi. Dokar a duka biyun ɗaya ce: a rufe tukuna, sannan a buɗe. A Salesforce kana fara da Organization-Wide Defaults, wato iyakar abin da kowa ke gani na bayanan wasu, a mafi tsanani, sai tsanin muƙamai da dokokin rabawa su buɗe. Dokar rabawa ba ta ƙwace abin da aka riga aka buɗe. A Dynamics izini takwas ne a kan kowane tebur: ƙirƙira, karantawa, gyarawa, gogewa, Append, Append To, miƙa wa wani, rabawa. Kowanne yana da zurfi: babu, nawa kaɗai, reshena, reshena da na ƙarƙashinsa, kamfani duka. In mutum na da rawa biyu, wato ƙunshin izini biyu, mafi faɗi ce ke aiki, don haka ƙara masa rawa mai tsauri ba ya rage masa komai.

Append da Append To su ne ke rikita sababbi. Don ma'aikaci ya liƙa bayani a jikin koke, yana buƙatar Append a kan teburin bayanin da Append To a kan teburin koken. Ɗaya ya ɓace, sai ya ga saƙon hana izini, shi kuma mai tsarawa ya rantse yana aiki, domin da asusun shugaban tsarin ya gwada. Kada ka taɓa cewa ka gama gwaji sai ka shiga a matsayin ƙaramin ma'aikaci na Kaduna ka nemi kwastoman Kano ka rasa.

Nafi'u: Maganar kod fa? Har yanzu ba a amsa min ba.

Injiniya Rabi: Ba kai za ka rubuta kod da yaren Apex ko C# ba, akwai masu wannan. Amma dole ka fahimci yadda tebura ke haɗuwa, ka iya dabarun lissafi na gurbi, ka iya karanta SOQL ko FetchXML mai sauƙi, wato yarukan tambayar rumbun bayanai, ka san abin da API, hanyar da manhaja ke magana da wata, ke yi, domin kai za ka rubuta wa mai kod abin da zai gina. Kuma Flow da takwaransa na Microsoft, Power Automate, shirye-shirye ne, ko da da linzami ake jan su. A Salesforce aiki ɗaya ba ya wuce tambayar rumbu 100 da rubutu 150. In ka sa Get Records, matakin ɗebo bayanai, a cikin zagaye mai maimaita aiki kan kowane layi, da layi ɗaya zai yi lafiya lau, ranar da aka loda ɗaruruwa sai ka ga Too many SOQL queries: 101, komai ya koma baya. Ana ɗebo bayanan sau ɗaya kafin zagayen, a tara gyare-gyaren, a rubuta sau ɗaya bayansa. A Power Automate kuma, in shirinka na tashi duk lokacin da aka gyara layi, shi ma yana gyara layin, zai yi ta tayar da kansa. Ka taƙaita masa guraben da ke tayar da shi. List rows kuma, matakinsa na ɗebo bayanai, layi 5,000 yake kawowa ya yi shiru, sai ka kunna ci gaban shafuka.

Abu ɗaya kuma na Dynamics: ana gini a muhallin gini da Solution maras kulle, a fitar da shi a kulle zuwa gwaji da wurin aiki na gaske. Wanda ya shiga wurin aiki ya gyara fom kai tsaye ya ɗora wani bene a sama, gyaran da za a turo daga baya ba zai bayyana ba sai an cire benen. Kuma cire Solution mai kulle yana tafiya da teburansa da bayanan ciki.

Ɗan Maraɗi: Kwaso tsofaffin bayanai fa, shi ne inda jadawali ke karyewa, don ana barinsa sai satin ƙarshe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Excel na cinye sifilin gaban lambar waya, 0803 ta koma 803. A mayar da gurbin na rubutu, a daidaita duka: +234 da lamba goma, +227 da lamba takwas. In ba a adana fayil ɗin CSV da UTF-8 ba, Ɗanladi da Ƙasimu za su shiga da alamar tambaya a madadin harafin farko. Mutum ɗaya kuma zai fito sau huɗu: Muhammad, Mohammed, Muhd, Alh. Mamman. Da suna ba za ka kama maimaici ba, da lambar waya ake kamawa, shi ma a yi hattara, don shago ɗaya kan ba da lamba ɗaya ga mutum uku.

Lodi da jeri ake yi: ma'aikata, shaguna, mutane, kaya da farashi, cinikayya, koke. Kowane layi ya zo da lambarsa ta tsohon tsari a gurbi na musamman, External ID ko Alternate Key, don in an sake lodi ya gyara maimakon ya ninka. Data Import Wizard, kayan lodi na Salesforce, na tsayawa a layi 50,000 kuma ba ya ɗaukar cinikayya ko koke, sai Data Loader. In za ka haɗa fayiloli da VLOOKUP na Excel, yi amfani da lambar Salesforce mai harafi 18, domin mai 15 tana bambanta babban baƙi da ƙarami, Excel kuwa ba ya bambantawa. Ranar ƙirƙirar layi ta asali a lodin farko kaɗai ake iya sa ta, in ka manta duk kwastomomin shekara goma za su zama na jiya. Kuma a kashe duk shirin tura saƙo kafin lodi, in ba haka ba mutum dubu ashirin su samu saƙon barka da zuwa da tsakar dare. Bayan an gama a ƙirga: abin da ya shiga da abin da aka ƙi su tashi daidai da na asali, jimillar kuɗi ma haka.

Hajiya Zulai: A nan gida akwai abu biyu da kwas ɗin waje ba zai gaya maka ba. Kwastomomi a WhatsApp suke, kuma hirar na cikin wayar ma'aikaci, ranar da ya bar aiki ta tafi da shi. Haɗa ta da CRM sai ta WhatsApp Business Platform, mai dokar awa 24: in kwastoma ya yi magana kana da awa 24 ka amsa yadda kake so, bayan haka sai da saƙon da aka riga aka amince da tsarinsa. Na biyu, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda hukumar NDPC ke kula da ita. A sa gurbin amincewar kwastoma da ranar da ya amince. Kai kuma Nafi'u, kada ka sa bayanan mutane na gaskiya a aikin da za ka nuna a intabiyu.

Abba Gwale: To na sauko rabi. Ya yi ginin, amma ya sa ranar jarrabawa tun yanzu, in ba haka ba karatun ba ya ƙarewa. Kuma ya guji masu sayar da tambayoyin sata, ana soke shaidar mutum a kansu. In a gida zai zauna ta Pearson VUE, kamfanin da ke shirya zaman jarrabawar, ana buƙatar katin shaida, kyamara, ɗakin da ba mai shigowa, da wuta da intanet da ba za su yanke ba. Wanda bai da tabbacin waɗannan ya je cibiya.

Nafi'u: Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: Salesforce ko Dynamics?

Malam Habibu: Buɗe tallan aiki 30 na inda kake son yin aiki ka ƙirga wanne aka fi nema. Kamfanin da ya riga ya zauna a kan Outlook da Teams ya fi karkata ga Dynamics. Ƙananan kamfanoni kuma, da yake lasisi da dala ake biya kan kowane ma'aikaci duk wata, sukan tsaya a wasu manhajojin CRM irin su Zoho, wanda ke kyauta har mutum uku, ko HubSpot, ko Odoo. A irinsu sabon shiga ya fi samun aikin farko, ko ta kujerar mai kula da tsarin a cikin kamfani. Ɗaya za ka kama har ka gama kamfanin solan nan. Ka zo intabiyu da zanen tsarin aiki shafi ɗaya, jerin buƙatu da hukuncin kowace, teburin wa ke ganin me, da gwaje-gwaje goma da sakamakonsu.

Injiniya Rabi: A cikin goman nan ka sa wanda dila ya dawo da batir biyu cikin biyar da ya saya a rasit ɗaya. In garantinka a jikin ciniki ka rataye shi ba a jikin lambar kowane batir ba, a nan za ka gane.